Tagogin Masaƙar Riedhalde

Duk wanda ya san Irmgard Kienzle ya san abu biyu ne ba a taɓa mata, ƙofar gidanta da ƙanenta Ottmar. Ƙofar gidan kam ba ta da abin faɗa, don ko maƙiyi ya zo da tabarau ba zai tsinci ganye ɗaya a kan matakalar ba. Ƙanen shi ne aikin. Shekara da shekaru tana faɗa a kansa a garin Riedhalde, a shagon mai burodi, a ƙofar coci, a wurin shan kofi na tsofaffin matan masaƙa, har gashinta ya yi fari fat ba ta samu ta rufe bakin kowa ba.

Ottmar Bleher haske ne sana'arsa. Ba sayar da ƙwan lantarki yake yi ba, ba kuma gyaran waya ba, ko da yake da wannan ya fara. Yana saurayi ya bar garin ya tafi Stuttgart koyon aikin lantarki, daga nan ya faɗa gidan wasan kwaikwayo yana haska dandamali, har manyan gidan suka lura mutane suna fita suna maganar hasken sun manta da wasan. To, daga nan fa sai duniya ta buɗe masa. Ya zana fitilu da ake sayarwa a manyan kantuna. An kira shi ya haska wata gada a Japan, da wata tashar jirgin ƙasa da ke can ƙarƙashin ƙasa a arewa, inda aka ce fasinjoji suna barin jirgi ya wuce don su ƙara kallo. Ya yi ɗakin da ba komai a cikinsa sai haske, mutane suka yi layi a cikin sanyi don su shiga. Manyan makarantu sun ba shi kujerar koyarwa, jaridu sun buga hotonsa da wannan hancin nasu na gidan Bleher.

Amma a Riedhalde fa? Mu nan abin da ba a iya ɗagawa da hannu a juya shi a ga bayansa, ba ma cika yarda aiki ba ne.

"Irmgard," in ji Lydia Stotz, maƙwabciyarta, wadda suka yi aikin masaƙa tare tun suna 'yan mata, "wai har yanzu Ottle ɗin naki kunna fitila yake yi ana tafa masa?"

"A Japan ma kuwa."

"Ikon Allah. Ni kullum da yamma sai na kunna tawa, ko kyanwata ba ta taɓa ɗaga kai ba."

"Ai taki fitilar ko ke ba kya son ganin abin da take nunawa."

Haka suke yi, kuma kowace ta koma gida da tata. Sai dai abin yana cin Irmgard, tana kuma faɗa wa mijinta Eugen ba ɓoye-ɓoye. Ita ba ta taɓa zuwa Japan ba, jirgin sama ma ba ta yarda da shi ba. Ko ita ba ta taɓa ganin aikin ƙanenta da idonta ba sai a hoto, hoto kuwa ba ya rufe bakin Lydia. Buri ɗaya take da shi a duniya, kafin a kai ta makwanci mutanen garin nan su ga abin da yaron nan yake yi, su gani da idonsu, su yi shiru.

Sai ga shi Allah ya kawo ranar. Tsohuwar masaƙar garin, wadda aka rufe tun da daɗewa aka kwashe injinan aka sayar, majalisar gari ta rasa yadda za ta yi da ita. Wasu suka ce a rushe, wasu suka ce a mai da babban zauren wurin taro. Magajin gari, wani matashi mai son a san da shi, ya ce a tuntuɓi ɗan gari ko zai yi wani abu na buɗewa. Ba wanda ya zaci zai amsa. Ottmar ya iso da kaka, da jaka ɗaya da tsohuwar rigar sanyi, ya sauka a ɗakin sama na gidan yayarsa, ya ce zai yi.

Tun daga ranar Irmgard take tafiya kamar an ƙara mata tsawo. Sai dai ƙanen nata ba ya magana. Da safe ya sha kofi ya fita, ya kulle kansa a zauren, da yamma ya dawo da yatsu baƙi ƙirin, ya ci abin da aka ba shi ya hau sama. Watanni suka shuɗe a haka, dusar ƙanƙara ta zo ta rufe gari.

"Ottle, ban ga an kawo fitilu ba," ta ce da shi wata rana tana zuba masa miya.

"Wannan ba fitila a cikinsa."

"To da me za ka haska?"

"Da rana."

"Rana? Wadda kowa yake da ita a bayan gidansa?"

"Ita."

Ta dubi Eugen, Eugen ya dubi farantinsa. Ta ci gaba da zuba miya. Yaron da ya haska gada a Japan ai ba za ta koya masa aikinsa ba.

Aka sa ranar buɗewa, Lahadi da la'asar, a ƙarshen sanyi, lokacin da rana take tafiya ƙasa-ƙasa. Baƙi za su zo daga Berlin, har da na ƙasashen waje. Ranar Juma'a Ottmar ya shirya zai tafi Stuttgart ya tarbe su, ba zai dawo ba sai Lahadi da safe. Ya miƙa wa Eugen makullin zauren, don shi ne tsohon shugaban 'yan kwana-kwana na garin, duk wani makulli mai muhimmanci a hannunsa yake kwana.

"Na gama," ya ce. "Kada kowa ya taɓa mini kaya."

"Wa zai taɓa maka?" in ji Irmgard. "Sa hularka, ana iska."

Da hantsi ta je sayen burodi, sai ga Lydia a layi, ta sa wannan fuskar tata ta mai tausayi, wadda ta fi zagi ciwo.

"Irmgard, ni ba gulma ba, amma na bi ta gefen masaƙa ɗazu. Kin ga tagogin nan kuwa?"

"Me ya same su?"

"Me ya same su! Ko hanci kika manna ba za ki ga ciki ba. Mutanen Berlin za su zo su tsaya a ƙarƙashin wannan? Ni dai ba ƙanena ba ne, amma garin ai namu ne duka. Cewa za su yi ƙazamai ne mu."

Matan da ke layi suka juyo. Kalmar nan a wurinmu ba ƙarama ba ce. A nan an fi yafe wa ɓarawo a kan matar da makon sharar da maƙwabta ke karɓa-karɓa ya zo kanta ta bar matakala da ƙura. Irmgard ta karɓi burodinta, ta wuce gida ta zare makullin daga ƙusa.

Ranar gari a lumshe yake, ba rana ko kaɗan. Da ta buɗe ƙofar zauren sai da ta dafe ƙirji. Kayan Ottmar suna nan, madubai manya da ƙanana a kan siraran ƙafafun ƙarfe, kowane ya kalli inda aka juya shi, tsaf da su. Amma wurin! Dogayen tagogin nan na yamma, tun daga kusa da ƙasa har rufi, sun yi dumu-dumu da datti, wani wuri ruwan ƙasa, wani wuri baƙi. Ƙasan katakon kuwa ƙura ta yi masa bargo. Ta matsa kusa da wata taga, sai ta ga alamun yatsa a jikin dattin, an goge nan an bar can, an karce wani wuri siriri kamar da allura. Ta ɗaga kai, har can sama haka abin yake.

Tausayi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Ashe bawan Allah ya ga dattin, ya yi ta ƙoƙarin gogewa shi kaɗai da yatsa, irin aikin maza, ga girman kai ya hana shi ya ce yaya taimake ni. Shi ya sa kullum hannunsa baƙi.

"Kai, Ottle," ta ce a fili. "Ka haska duniya, ba ka iya wanke taga ba."

Kafin magariba ta zaga gidajen tsofaffin matan masaƙa kaf. Ba wadda ta ce a'a. Asabar da sassafe, ranar da kowa a ƙasar nan yake riƙe da tsintsiya, suka hallara da bokitai da burushi da ruwan khal mai tsami da tarin tsofaffin jaridu. Lydia ce ta fara isowa, ta ɗaura ɗankwali kamar mai shirin yaƙi. Eugen ya ɗan yi gardama.

"Ya ce fa kada a taɓa masa kaya."

"Wa ya ce za mu taɓa? Datti kayansa ne? Je ka kawo mana tsanin nan naku dogo."

Eugen ya yi shekaru da yawa da ita, ya san inda gardama take ƙarewa. Ya tafi ya dawo da motar kwana-kwana da maza biyu.

Gaskiya in za a faɗa, aiki ne na a zo a gani. Irmgard ta kawo zannuwan gadonta farare ta lulluɓe kowane madubi, ta kafa doka cewa duk wadda ta gusar da ƙafar ƙarfe ɗaya ko da faɗin farce ne, da ita za ta yi. Sannan suka far wa tagogin. Dattin ya yi taurin kai, don ya girmi dukansu, amma su ma ba yau suka fara ba. Ruwan da ke gangarowa kamar kofi, ana zubarwa ana ɗebo sabo. Maza a sama, mata a ƙasa, ana ihu ana tsiya.

"Eugen, ka bar lungu! Ko ido ne ya tafi?"

"Ki hau ki nuna mini, Lydia, tsanin zai ɗauke ki in an yi addu'a."

Da suka gama da tagogi suka dubi ƙasa, suka ga ai ba a wanke fuska a bar wuya. Suka share, suka durƙusa da burushi suka goge katakon nan tsaga-tsaga, suka shafa masa mai har ya ɗauki ƙyalli. Wata ta kawo kek ɗin tuffa, wata ta kawo kofi a buta, suka zauna a kan bokitai suna ci suna kallon aikinsu. Gwiwoyin Irmgard suna zugi, bayanta kamar zai rabe, amma daɗin da ta ji ranar ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Hatta Lydia sai da ta ce, "To, yanzu kam ko wa zai zo ya zo."

Lahadi gari ya waye garau, ba gajimare ko ɗaya. Ottmar ya sauka daga jirgin safe, ya bar baƙinsa a masauki. Irmgard ta tare shi a ƙofar gida da rigar cocinta, ta ce ba zai sha kofi ba sai ya ga wani abu. Tana gaba yana biye, tana ta danne murmushi. Ta buɗe ƙofar zauren da kanta, ta ja gefe.

Haske ya cika wurin fal, fari tas, kamar ɗakin asibiti.

Ottmar ya tsaya a bakin ƙofa. Sannan ya taka a hankali zuwa taga ta farko, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, ya ɗaga kai ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen bango. Hular da ke hannunsa ta faɗi bai sani ba.

"Ba mu taɓa maka komai ba," in ji Irmgard da sauri, don ta ga bayan wuyansa ya yi fari. "Duba, ko madubi ɗaya bai gusa ba."

"Har na saman?"

"Eugen ya kawo tsani."

Ya juya bokitin da aka manta a gefe ya zauna a kai, kamar tsoho. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, ba faɗa, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Irmi, abin da ke jikin gilashin nan hayaƙin injin ne, da mai, da ƙurar auduga, da numfashin duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin nan. Rana ta gasa shi shekara ɗari. In hasken la'asar ya ratsa shi, wani launi yake fitowa da na yi rayuwata ina nema a fitila ban samu ba. Tun kaka nake kansa. Wani wuri na rage da yatsa, wani da gashin tsuntsu, wani da allura, taga bayan taga, don in rana ta sauko hasken ya shigo yadda nake so, madubai su ɗauke shi su zaga da shi. Shi ne aikin. Madubai ai ko'ina ana sayarwa."

Irmgard ta dubi tagogin da ta wanke. Garin neman gira an rasa ido, kuma da hannunta, da ruwan khal ɗinta, da zannuwan gadonta.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" in ji ta.

"Ban zaci akwai wanda zai hau can sama ba." Ya ɗan yi wata dariya marar daɗi. "Na daɗe ba na gida, na manta ku."

"A shafa wani. Eugen zai kawo hayaƙi, mu kunna kyandir, mu..."

"Je ki gida, Irmi."

"Ottle..."

"Don Allah je ki gida. Ki ja mini ƙofar."

Ranar Irmgard Kienzle ba ta je coci ba, abin da ba a taɓa gani ba sai ranar da ta haihu. Ta zauna a kicin da rigarta ta fita, hannu a cinya, tana jin ƙararrawa. Kunya take ji, da baƙin ciki, da haushin kanta. Rana ɗaya tak da ta roƙa a duniya, an ba ta, ta sa burushi ta kankare. Yanzu mutanen Berlin za su shigo su ga ɗaki fanko da madubai, mutanen gari kuma su koma gida suna cewa ai dama mun faɗa. Eugen ya zuba mata kofi ya huce, ya zubar ya zuba wani.

Da azahar aka ƙwanƙwasa. Lydia ce, ba wannan fuskar, ta zo da tata ta gaskiya, don labari ya riga ya zaga gari.

"Ni na tunzura ki," ta ce tun daga bakin ƙofa. "Bakin nan nawa wata rana shi zai kai ni wuta."

"Ke kika yi magana, ni na ɗauki makulli."

"To me za ki yi?"

Irmgard ta miƙe ta gyara wuyan rigarta. "Zan je. In an taru zan tsaya a gaban kowa in ce ƙanena ya yi aikinsa ya gama, ni na lalata. Ba za a ce ya kasa ba ina raye."

"Tare za mu tsaya," in ji Lydia. "Ai taga huɗun farko ni na wanke, kuma sun fi na kowa fita."

Suka tarar da ƙofar masaƙa cike. Ga baƙi da baƙaƙen riguna da manyan tabarau, ga mutanen gari da kayan Lahadi, kowa ya san abin da ya faru, kowa yana kauce wa idon Irmgard. Magajin gari yana ta duba agogo yana murza takardar jawabinsa. Lokaci ya yi, ƙofa a rufe. Lokaci ya wuce, abin da a garin nan ake ɗauka kamar zagi, ƙofa a rufe. Rana tana ta sauka, har ta kusa taɓa kan tudun da ke bayan gari. Sai aka ji sakata.

Ottmar ya leƙo, ba kwat, hannun riga a naɗe, gwiwoyin wandonsa sun yi maiƙo. Irmgard ta yunƙura za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"Ba jawabi," ya ce da magajin gari. "Ku shigo a hankali, ku bi jikin bango. Kada kowa ya shiga tsakiya."

Zauren ya canza. Ya ɗauki zannuwan nan da ta bari a wurin ya toshe tagogi da su, da kwalaye, da duk abin da ya samu, ya bar layin ƙasa kawai na bangon yamma. Madubai kuwa ya sauke su duka daga ƙafafunsu ya jingina su a gindin bango, ya karkata kowane. Sama duhu-duhu. Hasken rana yana shigowa ta gilashin da aka wanke tas, ba abin da ya tare shi, ya kwanta a kan katakon da ya sha mai, yana tafiya a kansa kamar ruwa a faranti, daga wannan bango zuwa wancan.

Da farko Irmgard ba ta ga komai ba sai ƙasa mai ƙyalli. Sai rana ta ƙara sauka kaɗan, inuwoyi suka fara fitowa a jikin katakon. Ƙananan ramuka ne marasa zurfi, biyu-biyu, kusa da juna, kowane bai fi tafin ƙafa ba. Ga biyu nan, ga biyu can, a jere, layi bayan layi har ƙarshen zauren. Hasken yana cika bakinsu da zinariya, cikinsu kuma duhu. Da rana tsaka ko ka taka su ba za ka lura ba, jiya ma a kansu suka durƙusa suna goge-goge ba wadda ta gani.

Ba wanda ya yi tari. Baƙin suna kallo, ba su san me suke gani ba, sun dai san abu ne.

Lydia ce ta fasa shirun, da wata murya da ba a san ta da ita ba.

"Wancan ai wurina ne."

Ta saki hannun Irmgard, ta manta da dokar bin bango, ta taka tsakiyar zauren da takalmanta na coci. Ta wuce layi na farko, ta shiga na biyu, ta tsaya, ta sa ƙafar dama a rami ɗaya, ta hagu a ɗayan. Suka zauna daram. Nan ta tsaya a gaban injinta tun tana budurwa har aka rufe masaƙar, ƙafafunta suka ci katakon. Hannayenta suka ɗago da kansu zuwa inda zaren yake wucewa a da.

Sai wata tsohuwa ta fito daga jikin bango, sai wata, sai wani tsoho da sanda. Ba wanda ya nuna wa kowa, ba wanda ya yi kuskuren wuri. Kafin a jima rabin tsofaffin Riedhalde suna tsaye a layi, kowa a cikin sawunsa, inuwarsu ta miƙe doguwa a bayansu. Ramukan da ba kowa a cikinsu sun fi yawa, kuma duk mun san na su wane ne. Wani magidanci da bai taɓa aiki a masaƙar ba ya je ya tsaya a gefen wasu guda biyu, ya cire hularsa. Magajin gari ya cusa takardarsa a aljihu. Eugen, wanda ya ciro gawa daga wuta bai yi hawaye ba, ya juya yana fyace hanci.

Irmgard tana nan jikin bango. Ta dubi fuskokin mutanen garinta, waɗanda ta yi rabin rayuwarta tana faɗa da su, ta ga ba mai magana. Alfahari ya cika mata ƙirji har yana mata zafi. Ƙanenta ne ya yi wannan, cikin yini ɗaya, da zannuwan gado da rana ta kowa da kowa.

Ba ta ji zuwansa ba sai da ya tsaya a gefenta, yana warin gumi da man katako.

"Kada ki bari su ruɗe ki," ya ce ƙasa-ƙasa, yana kallon gaba. "Wanda kika wanke ya fi wannan. Shi ne mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba wanda ya gan shi sai ni."

"Na ji," ta ce. Ba ta nemi ya sassauta ba, shi ma bai sassauta ba.

"Da na zauna a kan bokitin nan ina tunanin jirgin da zan bi in gudu, sai na ga ƙasa." Ya dubi layukan ramukan. "Ina naki?"

Ta kama hannun rigarsa kamar lokacin da take kai shi makaranta, ta ja shi suka ratsa layuka, mutane suna matsa musu. Can kusa da bangon ƙarshe ta tsaya. Ramukan wurin sun fi na ko'ina zurfi, duhun cikinsu ya fi na kowa.

"Me ya sa naki ya fi zurfi?"

"Injin Mama ne. Da ƙafafunta suka gaza, ni aka ba. Kai lokacin kana Stuttgart."

Ottmar ya durƙusa, da furfurarsa da sunansa da ya zaga duniya, ya sa tafin hannunsa a cikin ramin, hannun ya nutse har wuyan hannun ya shiga inuwa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Shiga, Irmi. Rana ta kusa tafiya."

Ta shiga. Gwiwoyinta da suka sha durƙuso jiya suna kuka, amma ta miƙe bayanta ta ɗaga haɓa, yadda ake tsayuwa in mai duba aiki yana zagayawa. Baƙi suka yanyame Ottmar suka ja shi gefe, ana ta yi masa tambayoyi da harsuna iri-iri.

Wata mata daga cikin na Berlin, doguwa mai gajeren gashi, ta zo ta tsaya kusa da Irmgard, tana taka ƙasa a hankali don kada ta shiga sawun wani. Ta sunkuyo cikin ladabi.

"Gafara dai, Malama... ke 'yar garin nan ce? Kin san Malam Bleher?"

"Kienzle," in ji Irmgard, ta cika mata sunan, ba ta motsa ƙafarta ba. "Ƙanena ne. Ni na goya shi."

"Kai, lallai kina da abin alfahari. Na ga ayyukansa da yawa, ban taɓa ganin haske mai tsabta irin wannan ba."

Irmgard ta dubi layin tagogin, inda rana ta rage saura kaɗan, ba ɗigon datti ko ɗaya a jikin gilashin.

"Ai dole," ta ce. "Ni na wanke su."